Yatsa Biyu Nesa da Ƙirji

Juma'a, 28 ga Maris

An buɗe kakar wasa, da mu aka buɗe. An ci mu biyar da ɗaya. Ba komai, saura wasa ɗari da arba'in da biyu.

Sabuwar maƙwabciyarmu ta tambayi matata Chizuru me mijinta yake yi a ƙungiyar besbol, tunda ba ta taɓa ganina a talabijin ba. Wai sai ta ce mata, "Shi jifa yake yi don a doka." Matar ta yi ta dariya, ta ɗauka wasa ne. Ai kuwa aikin ke nan. Ƙarfe biyu na rana, kafin a buɗe wa 'yan kallo ƙofa, in tsaya bayan raga in yi ta jefa wa masu bugu ƙwallo har hannunsu ya warware. Da an fara wasa ni na gama nawa. Lamba 108 ce a bayana, kuma duk wanda ka gani da irin wannan doguwar lamba ba shi aka zo kallo ba.

Nabeshima-senpai (senpai muke ce wa na gaba da mu) saura masa ashirin da bakwai ya cika bugu dubu biyu mai shiga lissafi a rayuwarsa ta wasa. Sun kafa ƙaton allo a bayan fili, duk lokacin da ya samu ɗaya a rage. Shekararsa arba'in da ɗaya. Kowa ya san in bai cika bana ba, ba za a ba shi baɗi ba.

Yau bai samu ko ɗaya ba, sanda biyu ya karya.

Lahadi, 30 ga Maris

Uku a jere. Baƙi sun zo har gida sun share mu.

Bari in rubuta a nan, tunda ba ni da wanda zan gaya wa. Tun sansanin atisaye na Fabrairu na ga senpai yana makara a ƙwallon da ta zo kusa da ƙirji. Ɗan kaɗan ne, ƙiftawar ido, wanda yake tsaye a gefe ba zai gani ba. Ni da nake fuskantarsa shekara goma sha ɗaya na gani. Sai na matsar masa da ita waje kamar yatsa biyu, na ɗan rage mata gudu. Nan take ya koma dukanta kamar yana ɗan shekara talatin. Na ce a raina kwana biyu ne kawai, kafin jikinsa ya yi ɗumi.

Wata biyu ke nan ban mayar da ita ba.

Kullum in mun gama yakan cire hula ya ɗan rusuna, ya ce, "Numa, ya ka gani?" In ce, "Kamar kullum, senpai." To me zan ce? Yana aji uku ina aji ɗaya a sakandare, ni nake wanke masa safa. Ranar da ƙungiya ta sallame ni daga wasa, ina ɗan ashirin da takwas, Chizuru da cikin wata bakwai, shi ya faɗa ofis ba neman izini ya ce, "Ku bar min Sasanuma. Ƙwallonsa ce kaɗai ba ta yi min ƙarya." Wannan mutumin zan duba in ce masa ka tsufa?

Alhamis, 3 ga Afrilu

Mun ci ɗaya! Da ƙyar da siɗin goshi, amma mun ci. Allo ya koma ashirin da biyar.

Talata, 8 ga Afrilu

Wasa goma, mun ci biyu. An zuba tulin gishiri a bakin benci don korar tsiya, wani ya taka shi kafin ma a fara.

A atisaye senpai ya fitar da tara bayan katanga. Manaja yana tsaye bayan kejin da ake bugu a ciki, hannu a ƙirji, yana gyaɗa kai. Na ji yana ce wa 'yan jarida, "Kun dai gani da idonku. Mai irin wannan bugu ba a ajiye shi a benci, sa'a ce kawai ba ta zo ba." Ya bar shi na huɗu a jeri, wurin da ake sa wanda aka fi dogara da shi.

Da aka fara wasa, sau huɗu senpai ya fito, sau huɗu abokan hamayya suka tura masa ita a ƙirji. Su ba su wanke masa safa ba, ba ruwansu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Hiruma-san, kocin masu bugu, ya tare ni ina kwashe ƙwallaye cikin kwando. Ya tsuguna yana taya ni, abin da bai taɓa yi ba, nan da nan na san da magana.

"Numa, kai ka fi kowa ganinsa. Ni daga gefe nake kallo. Hannunsa bai yi nauyi ba?"

Na ce, "Kamar kullum yake, koci."

"Ka tabbata? Ba don in cutar da shi nake tambaya ba. In akwai abin gyara, yanzu ne lokacinsa."

"Na tabbata."

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ce to tunda Numa ya faɗa, shi ke nan, hankalinsa ya kwanta. Kai! Ƙofa ce mutumin nan ya buɗe min da hannunsa, na mayar na rufe. Kalma ɗaya kawai, kuma ba a gaban senpai ba. Har na isa tasha ina zagin kaina.

Allo ya koma ashirin da ɗaya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Hutu. Chizuru tana manna min magani a kafaɗa ta ce, "Baba, jifanka ya canza." Na ce a ina ta gani. Ta ce a kafaɗa mana, da can nan yake ciwo, yanzu ya koma can. "Shekara nawa ina manna abin nan? Mutum in yana riƙe hannunsa, ciwon daban ne." Na ce ta ji da abin da yake gabanta. Ta ce ai shi ne a gabanta, ta danna wurin sai da na yi ƙara.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ogiwara ya ba ni haushi yau. Shekararsa ashirin da shida, wurinsa ɗaya da na senpai, don haka tun da aka fara kaka benci yake ɗumamawa. Na jefa masa nasa, yana fitowa daga keji ya ce da murmushi, "Numa-san, ni ma wata rana a ɗan ba ni irin ta manya mana, mai taushin nan." Na ce ya maimaita. Ya cire hula ya ce wasa yake yi.

Ba wasa yake yi ba. Ɗan banzan yana da ido.

An sake cin mu, shida da biyu.

Laraba, 23 ga Afrilu

Muna can ƙasan tebur, cikin ƙungiya shida na biyar ma ya yi mana nisa. 'Yan kallo sun fara. Wani tsoho a bayan benci, da ƙoƙon giya a hannu, ya yi ta kwarara ihu: "Nabeshima! Jikana zai gama jami'a kafin allon nan ya ƙare!" Mutane suka kwashe da dariya. Senpai bai waiwaya ba, amma na ga bayan wuyansa ya yi ja.

Yanzu kullum yana neman ƙari. Mu gama na kowa, ya ce, "Numa, wasu hamsin." In jefa, ya doka, ƙarar ta cika fili, ya tsaya yana kallon sandar kamar ita ta yi masa laifi. Ya canza safar hannu, ya aske kai, ya je wurin ibada an yi wa sandunansa addu'a. Komai ya taɓa, ban da abin da ya lalace, don ni na ɓoye masa shi.

Sha shida.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na yi niyyar faɗa masa yau. Na tarar da matarsa da 'yarsa sun zo kallo, ya ɗaga yarinyar yana nuna mata allo. Na fasa.

Talata, 29 ga Afrilu

Ya samu biyu, duka masu rarrafe ne da suka zame tsakanin mutane. Sha biyu. Na ce wa kaina ka gani, a haka a haka zai kai. Ina jin ƙarya ce tun ina faɗa, amma ta yi min daɗi.

Ƙungiya ta sha kashi takwas da uku. Masu jifanmu sun daina magana da masu bugu a wurin cin abinci.

Asabar, 3 ga Mayu

Wasan rana ne, da aka tashi senpai ya ce in zo mu ci taliyar soba a shagon bayan tasha. Ya yi odar tasa bai taɓa ba, ta yi sanyi a gabansa.

Ya ce ya je likitan ido, lafiya lau. An duba ƙugu, lafiya lau. "To saura me, Numa? A wurinka ina ganin ƙwallo kamar kankana. In na shiga wasa, iri ɗaya ce za ta zo, wuri ɗaya, amma hannuna ya ƙi fita." Ya yi ta juya tsinken cin abinci. Sai ya ce, a hankali yadda mai shago ba zai ji ba, "Na gano ko mene ne. Tsoro nake ji. Shekara ashirin da uku ban san shi ba, sai da na ga lambar nan a allo. Ashe ni matsoraci ne."

Wayyo. Mutumin da ya taɓa gama wasa da karyayyen yatsa bai gaya wa kowa ba.

Na ce, "Haba senpai." Iyakar abin da ya fito ke nan. Haba senpai. Ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, ni dai in ci gaba da ba shi kamar kullum.

Ban iya cin tawa ba ni ma. Mai shago ya tambaya ko miyar ce ta yi gishiri.

Litinin, 5 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Ranar hutun yara ce, wasa ƙarfe biyu, atisaye ƙarfe goma na safe. Na tashi da niyyar yau zan ba shi ta gaskiya, ya gane ba zuciyarsa ba ce. Da ina da hankali da na kira shi gefe, mu shiga ɗakin atisaye na ƙasa mu biyu, in faɗa masa da baki. Amma bakin ne ba ni da shi. Na ce bari hannu ya faɗa.

Ban lura da cewa saboda hutu 'yan jarida sun ninka ba. Manaja yana bayan keji, Hiruma-san a gefensa, kyamara ta kai goma.

Ta farko na sa masa a ƙirji da gudunta na da. Ya kai mata duka ta riga ta wuce. Ya ɗago ya dube ni, ya ɗauka kuɓuce min ta yi. Ta biyu haka. Ta uku ta taɓa gindin sanda, sandar ta tsage. Aka miƙo masa wata. Ya kamata in tsaya a nan, amma hannuna ya riga ya tuna hanya, kamar an kwance akuya. Takwas a jere, bai fitar da ko ɗaya daga keji ba. Fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar kyamara.

Ya cire hula, ya rusuna kamar yadda ya saba, ya fita. Bai tambaye ni ya na gani ba.

A lungun da ake ajiye sanduna ya same ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Wannan ce ƙwallonka?"

"Ita ce, senpai."

"Waccan fa?"

Na faɗa masa. Yatsa biyu waje, gudu kaɗan ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun Fabrairu."

Ya zauna a kan akwati. Kowa a harkar nan ya san al'adar: ranar da tsohon ɗan wasa zai yi bugunsa na ƙarshe, mai jifan abokan hamayya yakan miƙo masa ita sumul a tsakiya, don ya tafi gida da mutuncinsa. Ita ya tuna. Ya ce, "Wata uku kana jefo min ƙwallon sallama, ni ban san an sallame ni ba."

Na durƙusa, goshi a ƙasa. Ya ce in tashi, ba ya son wannan.

"Da ka faɗa min a Fabrairu, da na ɗaga riƙo sama kaɗan, na ja baya taku ɗaya, na ɗauki sanda mara nauyi. Aikin sati uku ne, Numa. Tsofaffi da yawa sun yi. Amma kai ka zauna kai kaɗai ka yanke cewa ba zan iya ba." Ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce, "Shekaranjiya ka bar ni na kira kaina matsoraci, kana zaune kana kallona."

Ba a sa shi a wasan ba. An ci mu huɗu da nema.

Talata, 6 ga Mayu

An tura shi rukuni na biyu, can filin bakin kogi inda ake renon sababbi. Bugun can ba ya shiga lissafi. Saura tara.

Hiruma-san bai tayar da maganar ba. Ya wuce ni sau uku a hanya, yana gaisawa, yana wucewa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Hotona a jarida, ta baya, da lambar 108 ɓaro-ɓaro. Karo na farko a shekara goma sha ɗaya. Chizuru ta naɗe kan kifi da shi ta zubar.

Na gaya mata komai. Ta ce, "Kai ka ɗauka shi kake tausaya wa." Na ce to wa nake tausaya wa? Ta ci gaba da wanke-wankenta.

Laraba, 14 ga Mayu

Ogiwara ya samu uku yau, ɗaya ta tsallake katanga. Mun ci huɗu cikin biyar na baya. A ɗakin canza kaya har an fara kunna waƙa.

Na yi tsalle lokacin da ta tsallake. Sai da na dawo ƙasa na tuna wurin wa yake tsaye.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na rubuta wa senpai saƙo sau uku na goge. Na huɗu na tura. Ya nuna an karanta.

Litinin, 26 ga Mayu

Hutu, na kama jirgin ƙasa na tafi filin bakin kogi. Ban gaya masa zan zo ba, don kada ya ce kada in zo.

Yana can cikin rana tare da 'yan shekara sha tara, ya rame, ya yi baƙi, yana jan ragar share ƙasa da kansa. Sandarsa ta canza, siririya, ya naɗe mata farin zare inda sabon riƙonsa yake. Da ya gan ni ya tsaya, ya cire hula, ya rusuna sosai irin wanda ake yi wa baƙo. "Sasanuma-san, sannu da hanya." Sasanuma-san! Tun ina ɗan sha biyar bai taɓa kirana haka ba. Gara ya mare ni.

Na ce na zo da safar hannuna, in yana so. Ya yi ɗan tunani ya ce, "In ba zai zama wahala ba, talatin."

Na ba shi talatin, duk a ƙirji, duk da iyakar ƙarfina, har da mugunta. Huɗu na farko sun wuce shi. Daga nan ya fara. Ba ya kai ta katanga yanzu, gajeren bugu ne mai kaifi, tana fita kamar an ja zare ta kan mai tsaron tsakiya. Na ƙirga ashirin da ɗaya masu kyau. Sati uku ke nan tun da aka turo shi. Sati uku, kamar yadda ya faɗa. Hawaye suka hana ni ganin ta ƙarshe sosai, ita ma ya doke ta.

Ya fito daga keji yana haki, ya tsaya nesa da ni kaɗan. Ya ce, "Waɗannan na gaskiya ne?"

Na ce na gaskiya ne, senpai.

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "To." Ya koma ya ɗauki ragarsa.

Talata, 27 ga Mayu

Na je fili da wuri na jira Hiruma-san a bakin ofishinsa. Ban bari ya ajiye jaka ba. Na ce Nabeshima ya gyaru, na gani da idona, ya daina makara, ashirin da ɗaya cikin talatin kuma duk a ƙirji. Na ce ko ba za a ba shi wurinsa ba, a dawo da shi benci, bugu ɗaya a wasa ya ishe shi, tara ce kawai. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban koci ba.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Wa ya jefa masa?"

Na ce ni.

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ba da fushi ya faɗa ba, har da ɗan tausayi. "Numa, a Afrilu ma kai ka jefa masa." Ya ce ƙungiya ta ci goma sha biyu cikin sha bakwai, manaja ba zai taɓa komai ba yanzu, kuma shi ba zai iya shiga wurinsa da maganata a hannu ba. Wataƙila a watan Satumba, in babu abin da ake nema, a kira shi a yi masa wasan ban kwana.

Wannan karon gaskiya na faɗa.

Na fita na jefa wa Ogiwara nasa, ya yi ta ƙunƙuni wai yau da zafi na zo, ban ba shi haƙuri ba. Kafin a fara wasa na hau sama na karɓi takardar neman canjin wurin aiki, zuwa rukuni na biyu. Ban san ko senpai zai yarda ya sake tsayawa a gabana ba. Chizuru ma ban gaya mata ba tukuna. A wurin dalili na rubuta cewa ya fi kusa da gida. Daga gidanmu tafiyar awa biyu ce.